Imel yana shigowa amma ya ƙi fita: kurakuran da aka fi yi in an sauya saba

Jama'a sallama. Wannan rubutun na 'yan'uwa ne masu riƙe wa mutane imel a garuruwanmu, irin wanda ke kula da na makaranta mai zaman kanta a Ringim ko Bichi, ko na ƙungiyar masu harkar riɗi da zoɓo a wajen Gumel da Maigatari da suke tura wa masu saye farashi da takardun kaya. Tun da dala ta tashi mutane suke ta sauya hostin, wato kamfanin da ke ba su hayar saba (kwamfutar da ke karɓa da tura imel), suna neman mai sauƙin kuɗi, kuma kusan duk wanda ya kwashe imel daga tsohuwar saba zuwa sabuwa kuka ɗaya yake zuwa da shi, wai saƙo yana shigowa lafiya lau amma na fita ko dai ya dawo, ko ya faɗa sifam (akwatin tarkacen saƙonni), ko ya ɓace shiru ba labari, shi kuma Alhaji mai ƙungiya yana ta kira yana cewa mutanen Legas ba su ga takarda ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne hanyar shigowa daban hanyar fita daban. Rikodin MX da ka canza a DNS, wato kundin da ke nuna wa duniya inda domen ɗinka (sunan da ke bayan @) yake, aikinsa ɗaya ne tak, ya gaya wa duniya inda za a kawo maka saƙo. Ba ruwansa da fita. Don haka in ka ga saƙo ya shigo kar ka ce an gama aiki, rabi ka yi, kuma rabin da ya rage shi ne mai wuya.

Babban kuskure, wanda wallahi ya fi ba ni takaici, shi ne rashin karanta saƙon da ya dawo. Mutum zai ga Mailer-Daemon, wato sunan da saba ke dawo da saƙo da shi, ya aiko da doguwar takarda da Turanci sai ya goge ya shiga taɓe-taɓen saiti, alhali amsar tana cikin takardar nan. Duba lambar. In ta fara da 4, kamar 421 ko 451, matsalar ta ɗan lokaci ce, sabarka za ta sake gwadawa da kanta, Postfix ma, wato manhajar da ke tura imel a saba, in ba ka canza masa saiti ba yakan riƙe saƙo har kwana 5 yana ta gwadawa kafin ya haƙura. In ta fara da 5 an ƙi ka ne gaba ɗaya, ko ka tura sau ɗari haka zai dawo. 535 sunan shiga ko kalmar sirri ce ba daidai ba. In ka ga Relay access denied to sabar ba ta san ka ba, wato na'urarka tana turawa ba tare da ta gabatar da kanta ba. 550 5.7.26 daga Gmail yana nufin ba su iya tantance cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito ba, 5.7.25 kuma maganar PTR ce, zan zo kanta. In babu saƙon da ya dawo sai ka leƙa rajistar sabar, a Postfix tana /var/log/mail.log ko /var/log/maillog, a cPanel (shafin sarrafa hostin) mai tura imel da manhajar Exim kuma /var/log/exim_mainlog, sannan ka buga mailq ko exim -bp ka ga abin da ya maƙale a layi. Dan Allah kar ka taɓa komai sai ka ga wannan tukuna.

Sai wayoyi da kwamfutocin ma'aikata. Kowane asusu a Outlook ko manhajar waya saiti biyu gare shi, na shigowa da na fita, sai a gyara na farko a manta da na biyu yana nan yana nuna tsohuwar saba. Muddin tsohuwar tana kunne saƙo zai ci gaba da fita ta can ba wanda zai lura, ranar da kuɗinta ya ƙare sai komai ya tsaya cak a ce sabuwar ce ba ta da kyau. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sunan shiga ya zama cikakken adireshin imel ba rabinsa ba, ka kunna wurin da ke cewa sabar fita tana buƙatar kalmar sirri, kuma ka tuna wani kwashewar ba ya tahowa da tsofaffin kalmomin sirri sai an sa sababbi. Masu tura imel ɗin ofis daga cikin Gmail ɗinsu su ma akwai sunan saba da suka sa can a saitin tura saƙo da wani adireshi, shi ma sai an gyara. Kar ka manta da abubuwan da ba mutane ba: firinta mai sikanin tana turawa, fom ɗin shafin WordPress, manhajar da ke aika wa iyaye sakamakon jarrabawa. Waɗannan ba sa kiranka su yi ƙorafi, sai ƙarshen zango ka ji iyaye suna tambaya.

Maganar ƙofofi kuma, wato lambobin port da saƙo ke bi, a nan ake yawan cakuɗa abu biyu. Wayarka ko Outlook suna miƙa wa sabarka saƙo ta ƙofa 587 da STARTTLS, ko 465 da SSL tun daga farko, duka biyun hanyoyin sirranta saƙo ne. Ita kuma sabarka tana kai wa Gmail da Yahoo da sauransu ta ƙofa 25. To kar ka sa 25 a waya, kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa sifam. Sannan in VPS ka saya, wato sabar haya da kai ne mai sarrafa ta, ka kafa sabar da kanka, da yawa daga masu bayar da su sun rufe 25 ta fita tun asali, Google Cloud a rufe take, a AWS kuma sai ka cike fom ka roƙa a buɗe maka. Alamarta ita ce wayar ta nuna saƙo ya tafi amma ya taru a layin sabar ana rubuta Connection timed out. Gwajin ba wuya, daga cikin sabar ka buga telnet gmail-smtp-in.l.google.com 25, in ka ga layi mai farawa da 220 a buɗe take, in ya tsaya yana kallonka to a rufe take kuma ba wani saiti naka da zai buɗe ta. Ko ka rubuta wa kamfanin, ko ka bi ta wata sabar tsakiya mai karɓa a 587 ta isar maka. Ni a ganina ga ƙaramar makaranta ko ƙungiya ta biyun ta fi kwanciyar hankali.

Yanzu ga inda mafi yawan matsalar take, SPF. Wani layi ne a DNS ɗin domen ɗinka da yake lissafa sabobin da ka yarda su tura saƙo da sunanka. Ka koma sabuwar saba mai sabon lambar IP, wato adireshinta a intanet, layin kuma yana ɗauke da tsohon lamba, kaga duk saƙon da ya fita a wurin Gmail kamar wani ne ya saci sunanka. Gyaran shi ne ka ƙara sabon lambar, kamar haka v=spf1 ip4:203.0.113.10 ~all, wannan lambar misali ce fa ka sa taka. Amma ga tarkon da mutane ke faɗawa: sai su bar tsohon layin su ƙirƙiri na biyu a ƙarƙashinsa. Domen ɗaya layin SPF ɗaya ne, in suka zama biyu duka sun lalace, gara ma a ce ba ka taɓa ba. A lokacin ƙaura ka haɗa tsohon lamba da sabo a layi guda, in komai ya lafa sai ka cire tsohon. Kuma akwai iyaka, binciken DNS 10 kawai aka yarda layin ya jawo, kowane include da a da mx da aka rubuta a cikin layin yana cin nasa, masu tara include na kamfanonin da suka bari shekara uku da suka wuce su ne ke tsallake iyakar ba su sani ba.

Kafin ma ka gyara, tabbatar a ina DNS ɗin yake zaune. Na sha ganin mutum ya wuni yana gyara a cikin sabon cPanel alhali nemsaba ɗin domen ɗin, wato sabobin da ke riƙe da DNS ɗinsa, suna nuna kamfanin Cloudflare ko wurin da ya sayi .com.ng ɗinsa, duk abin da ya rubuta ba wanda yake gani a duniya sai shi kaɗai. In kuma Cloudflare ne, sunan sabar imel ɗin dole alamar gajimaren da ke gefensa ta zama ruwan toka, mai ruwan lemon nan na shafin intanet ne ba ya wuce da imel.

DKIM sa hannu ne da sabar ke yi a kan kowane saƙo da makulli na sirri, ɗan'uwan makullin kuma yana DNS. Sabuwar saba sabon makulli take ƙirƙira, in ba ka ɗora ɗan'uwansa a DNS ba sa hannun ba zai yi daidai ba. Makulli mai 2048 dogo ne ya wuce haruffa 255 da gutsure ɗaya na rikodin TXT a DNS yake ɗauka, wasu wuraren su raba maka da kansu wasu sai ka raba, kuma in da waya kake kwafa ka kula kar wani fili ko yankewar layi ya shiga tsakiya, harafi ɗaya ya isa ya ɓata shi. DMARC kuma, wato layin DNS da ke gaya wa masu karɓa yadda za su yi da saƙon da bai tantance ba, in yana kan p=reject ka sauko da shi p=none kafin ka fara ƙaura, don da reject kai da kanka ka ce a jefar da duk abin da bai tantance ba, in an gama ka mayar. Wannan ba ado ba ne yanzu, tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, kowa sai yana da SPF ko DKIM, mai tura 5000 a rana zuwa Gmail kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC.

PTR shi ne juyin DNS, a ba da lamba ta dawo da suna. Ba a wurin mai domen ake sa shi ba, a wurin wanda ya ba ka IP ne, kuma sunan ya dace da wanda sabar ke gabatar da kanta da shi, shi ma sunan in an bincika ya dawo kan lambar. Akwai wani ɓoyayyen abu a nan, sabuwar saba takan zo da IPv6, wato sabon nau'in lambar IP, a kunne ta riƙa fita ta nan, kai kuma na IPv4 kaɗai ka gyara, sai Gmail ya ƙi ka kana rantsuwa komai daidai ne. Ko ka yi wa IPv6 ɗin PTR da SPF, ko a Postfix ka sa inet_protocols = ipv4 ka huta.

To ko da duk wannan ya yi daidai sabon IP baƙo ne. Kamar mutumin da ya shigo kasuwar Maigatari da shanu ba dillalin da ya san shi, ba a ce ɓarawo ba ne amma sai an ɗan tsaya an kalle shi. Wani lokacin ma wanda ya riƙe lambar kafin kai ya ɓata ta. Tun ranar da aka ba ka lambar, kafin ka kwashe komai, duba ta a Spamhaus da MXToolbox, in tana cikin baƙin littafi ka nemi a canza maka tun da wuri. Kuma kar ranar farko ka tura sanarwar kuɗin makaranta ga iyaye duka lokaci ɗaya, fara da kaɗan kaɗan ga mutanen da za su buɗe su amsa, ka riƙa ƙarawa.

Akwai wata mai rikitarwa da ke faruwa in an raba gida, shafin intanet ya zauna a tsohon hostin, shi kuma imel ya koma wani wuri kamar Google Workspace ko Zoho. Tsohuwar saba har yanzu gani take ita ce mai imel ɗin domen ɗin, don haka saƙon fom ɗin shafin in za shi adireshin ofis ba ya fita waje, a cikinta take ajiye shi a akwatin da ba mai buɗewa. Zuwa Gmail yana tafiya, zuwa gida ba ya zuwa, wannan ita ce alamar. A cPanel ka shiga Email Routing ka mayar da shi Remote Mail Exchanger, a Postfix ka cire domen ɗin daga mydestination ko jerin domen da take karɓar wa saƙo.

Mu nan karkara muna da tamu ta daban. Tsohuwar kwamfutar ofis da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta ko aka kashe janareta kwanan wata ya koma shekarun baya, sai Outlook ya ce satifiket ɗin sabar, wato takardar shaidar tsaronta, ba shi da inganci ya ƙi turawa. Gyara agogo ka sayi batirin, ba tsada. In agogo daidai ne to duba sunan da ka sa a saitin, dole ya zama wanda ke jikin satifiket ɗin ba lambar IP ba, kuma satifiket ɗin da hukumar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 yake yi, tabbatar sabuntawar kai tsaye tana aiki a sabuwar sabar. Haka kuma in netwok ɗin garinku yana rawa, babban fayil zai iya maƙalewa a akwatin fita na wayar ya tare na bayansa, gwada ta webmel ɗin burauza da ɗan gajeren saƙo, in ya tafi to sabar lafiyarta ƙalau.

Wajen gwaji kuma kar ka tura wa abokin aikinka na domen ɗaya ka ce ya yi, wannan saƙon bai ma bar sabar ba. Tura wa Gmail da Yahoo da Outlook.com, a Gmail ɗin kwamfuta ka buɗe Show original ka ga SPF da DKIM da DMARC duka sun rubuta PASS, ko ka yi amfani da mail-tester.com ya nuna maka abin da ya rage.

Sai batun lokaci. TTL shi ne daƙiƙoƙin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayaninka kafin su sake tambaya, a cPanel sau da yawa 14400 ne wato awa 4, wasu wuraren 86400 kwana guda cur. Kwana biyu kafin ƙaura ka sauke shi zuwa 300, in ka bari sai ranar ƙaura ka sauke to sai tsohon wa'adin ya cika tukuna. Kuma na san kuɗin hostin biyu a wata ɗaya yana da nauyi, Alhaji zai ce me ya sa za a biya sau biyu, ka zauna ka yi masa bayani tun kafin a fara, a bar tsohuwar saba a kunne ko da sati ɗaya ne zuwa biyu. Kafin ka kashe ta ka duba layinta ba saƙon da ya maƙale, ka sake kwaso abin da ya sauka a akwatunanta bayan ƙaura, sannan ka karanta rajistarta ta kwanakin ƙarshe, duk asusun da ka ga yana shiga yana turawa ta can to akwai waya ko firinta da ba ka gyara ba, je ka nemo ta. Sai rajistar ta yi shiru kwana biyu zuwa uku sannan ka cire tsohon IP daga SPF, ka mayar da TTL da DMARC yadda suke, ka rufe ta.