Kafin ka sayi naɗin tsoffin kwabban da aka ce wai ba a taɓa buɗewa ba

Duk mai tara tsoffin sulallan Amurka ya san irin tallan nan a shafukan gwanjo na intanet, hoton naɗin takarda da ta tsufa ta yi ja, a ƙasa an rubuta wai daga akwatin wani dattijo da ya rasu aka samo shi ko daga ma'ajiyar banki, shekara sittin ba wanda ya leƙa ciki. Wallahi abin yana damuna, don sabbin shiga ne suke faɗawa, mutum ya biya da zumuɗi ya yi ta jiran saƙo, ranar da ya warware takardar sai ya tarar da kwabbai hamsin gama-gari da ba su kai rabin kuɗinsa ba.

Fara da tambayar nan tukuna. Wanda sana'arsa kenan, ya san kwabo ɗaya tak na 1909-S VDB (S alamar maƙerar San Faransisko ce, VDB kuma haruffan sunan wanda ya zana kwabon) yana kai ɗaruruwan daloli, me zai hana shi ɓata minti biyar ya duba kafin ya sayar maka? Kwabon santi ɗaya mai hoton Lincoln da zangarniyar alkama a baya an buga shi daga 1909 zuwa 1958, biliyoyi ne, amma waɗanda ake rububi kansu kaɗan ne: 1909-S VDB guda 484,000 kawai aka buga, 1931-S guda 866,000, 1914-D (D alamar maƙerar Denver) kuma 1,193,000. Kuma tun shekarun 1930 da aka fara sayar da allunan jera kwabbai mutane suke tsince su daga canji, yara da manya, to ka ga an daɗe da tace garin nan.

Sai ka kalli bakin naɗin da kyau, nan ne tarkon yake. Za a sa kwabo mai jan ido a ƙarshe yadda za ka hango shi ta ramin takardar, galibi bayan kwabo mai haruffan VDB a ƙasa, an juya fuskar ciki don kada ka ga ko akwai S a ƙarƙashin shekarar. Zuciyarka sai ta ce ai na San Faransisko ne. Alhali na Filadelfiya da ba shi da harafin, kusan miliyan 28 aka buga, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya sa shi a bakin ya riga ya ga fuskar. Wani lokacin ma sulen azurfa na santi goma za ka gani a bakin naɗin kwabbai, kai ma ka yi tunani mana, girmansu ba ɗaya ba ne, ta yaya injin ƙirga na banki zai cusa shi a nan kuma daidai inda ido zai faɗa?

Tsufar takardar ma kada ta ruɗe ka. Ana sayar da tsoffin takardun naɗi fanko masu sunan bankuna, ana kuma sayar da ɗan injin da ke murɗe baki, kowa zai iya haɗawa a ɗakinsa. Ni na taɓa riƙe wani a hannu, baki ɗaya a matse tsaf ɗayan kuwa duk ya yi laushi da alamun farce inda aka warware aka mayar, ga takarda tsohuwa amma lanƙwasar sabuwa fes. Naɗin asali na sabbin kwabbai da ya fito daga banki shekara ɗaya ne da maƙera ɗaya daga farko har ƙarshe, duka suna sheƙi.

Idan duk da haka ranka na so, raba farashin gida hamsin ka ga nawa kake biyan kowane kwabo, ka kwatanta da kuɗin gama-garin na 1940 zuwa 1958 wanda 'yan santi ne kawai. Abin da ya haura wannan kuɗin fata ne kake biya. Karanta sharaɗin mayarwa, don yawanci da zarar ka buɗe shi kenan babu dawowa, kuma kada sharhin masu cewa sun tsinci dami a kala ya ja ka, ba ka da hanyar tabbatar da ko su waye.

In kuma ka buɗe ka ga mai tsada, kada ka yi saurin murna, jabu ma ana cusawa. Kwabon 1943 na ƙarfe ne saboda yaƙi ya cinye tagulla, sai a shafa masa ruwan tagulla a ce shi ne na tagulla na 1943 mai wuyar samu, sa masa maganaɗisu, in ya manne ƙarya ce. A sikeli na tagulla giram 3.11 ne, na ƙarfe wajen 2.7. Shi kuma 1914-D ana yin sa ne daga 1944-D a kankare 4 ta farko ta koma 1, za ka ga tazara mai faɗi bayan 9, sannan ɗauki gilashin ƙara girma ka duba ƙasan kafaɗar Lincoln, idan akwai 'yan ƙananan haruffan VDB a wurin to jabu ne don sai 1918 aka fara sa su a nan.

Shawarata in wani kwabo takamaimai kake nema, tara kuɗin da za ka kashe a kan naɗi goma ka saye shi shi kaɗai a cikin robar PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance sahihancin kwabbai su rufe su a roba, ka shiga shafinsu ka buga lambar da ke jikin robar ka ga ko bayanin ya yi daidai da abin da ke hannunka, don robar ma ana kwaikwayonta. In daɗin tsintar ne ya ja ka, sayi jakar gama-gari a kan kuɗin gama-gari daga dillalin da ya faɗa maka gaskiya cewa an riga an duba.