Yadda za ka rage talla da leƙen asiri a smart TV ɗinka

Jama'a in ka sayi sabuwar smart TV, ko Samsung ce ko LG ko Hisense ko TCL, kar ka yi saurin jona ta da wifi ɗin gida. Kunnawar farko za ta jero maka dogon turanci ta ce ka amince, mu kuma mun saba da danna Agree kawai don mu kai ga kallo, wani lokacin ma yaron shago ne zai daddanna tun a can ya miƙo maka rimot ya ce Alhaji an gama setin. To a cikin abin da aka danna ɗin nan har da izinin da ka ba kamfani ya riƙa bibiyar abin da kake kallo a falonka.

Sunan abin ACR, wato Automatic Content Recognition. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗibar ɗan samfurin hoto ko sautin abin da ke kan allo yana tura wa kamfani, su kuma su gwada da nasu rumbun su gane wane shiri ne, ƙarfe nawa ka kalla, ka daɗe ko ka canza tasha, daga nan su san irin tallan da za su cusa maka. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba sai kana amfani da manhajojin cikin talabijin ɗin ba. A 2024 masu bincike daga jami'ar UCL ta Landan da jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada Samsung da LG, suka ga ko ta HDMI ka jona wani abu, kamar laftof ɗinka, ACR na ci gaba da aiki. Kenan dikodarka ma ba ta tsira ba indai talabijin ɗin na kan intanet. Kuma ba yau aka fara ba, a 2017 kamfanin Vizio mai ƙera talabijin ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka bayan hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya ta tuhume shi da kwasar bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Shi wannan Vizio ɗin a 2024 Walmart, katafaren kamfanin kantuna na Amurka, ya saye shi a kan dala biliyan 2.3, kuma harkar tallansa ce babban abin da ya ja hankalinsu.

Maganin da ya fi kowanne sauƙi, kar ka ba ta intanet kwata-kwata. In dai DStv ko GOtv ko StarTimes kake kallo, ko fim a filas, wallahi ba ta buƙatar wifi ko kaɗan. Wajen setin farko ka danna Skip a inda ta nemi netwok. In ka riga ka jona, ka shiga Network ka goge sunan wifi ɗin, in ta ƙi mantawa ka yi mata factory reset, wato ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka fara daga farko, wannan karon kai da kanka ka riƙe rimot. Masu Google TV, irin wasu TCL da Sony, a farkon setin akwai zaɓin Basic TV, shi za ka ɗauka.

Amma na san da yawa saboda YouTube da Netflix suka sayi smart ɗin, to ku sai ku bi ta setin. A Samsung ka shiga Settings, ka nemo General & Privacy, sai Terms & Privacy, ka cire alamar da ke kan Viewing Information Services da Interest-Based Advertisements. A tsofaffin ƙirar yana ƙarƙashin Support. A LG sunansa Live Plus, yana cikin General, System, Additional Settings, ka kashe shi, a nan kuma za ka ga Screen Saver Promotion wanda shi ne ke sa talla ta fito in ka bar talabijin ba ka taɓa ba, sai Home Promotion a cikin Home Settings. Kar ka tsaya nan, ka koma User Agreements ka janye amincewar Viewing Information. Sony kuma Samba Interactive TV za ka nema. Wuraren na ɗan sauyawa gwargwadon shekarar da aka ƙera ta da ƙasar da aka yi ta domin ta, don haka in ba ka ga daidai yadda na faɗa ba, ka bi duk inda aka rubuta Privacy ka kashe duk wani abu mai Viewing ko Personalised ko Ads a jikinsa. Kuma duk sanda ta yi ofdet ka sake leƙawa, don sabuwar talla sau da yawa ta nan take shigowa.

Akwai kuma maganar data, wadda mu ta fi shafa tunda yawancinmu da MiFi ko hotspot muke. Bidiyoyin nan da ke kunna kansu a shafin farko daga datarka suke ci. Mai Fire TV ya shiga Preferences, Featured Content ya kashe Allow Video Autoplay. A Google TV akwai Apps only mode a cikin Accounts, yana share yawancin tarkacen ya bar maka manhajojinka.

Wanda ya ɗan iya taɓa setin zai iya canza DNS, wato abin da ke nemo wa talabijin adireshin sabobin da take son haɗuwa da su a intanet. Ka shiga setin netwok na talabijin, ka mai da DNS daga Automatic zuwa Manual ka rubuta 94.140.14.14, na AdGuard ne, yana toshe adireshin sabobin talla da na bibiya da yawa. Ba zai cire tallan YouTube ba fa, don tallan da bidiyon daga wuri ɗaya suke fitowa. In wata manhaja ta ƙi buɗewa bayan haka sai ka mayar da shi Automatic.

Yanzu ga wanda na fi so a ji da kyau, ƙananan akwatunan Android ɗin nan marasa suna da ake sayarwa da arha ana cewa za ka kalli ƙwallo da tashoshi kyauta har abada. Wasu daga cikinsu da muguwar manhaja a ciki suke barowa masana'anta, ana kiranta BadBox. A Yunin 2025 FBI ta fitar da gargaɗi a kai, a Yuli kuma Google ya shigar da ƙara a kotu yana cewa na'urori sama da miliyan 10 ne suka kamu. Kai kana can kana kallon wasa, akwatin kuma a ɓoye yana danna talla yana tara wa wasu kuɗi da datarka, sannan yana ba da hayar layin intanet ɗinka ga 'yan damfara su bi ta kai su yi ta'asa, in an bibiya adireshin gidanka za a gani. Idan akwati ya zo da nasa shagon manhajoji da ba ka san shi ba, ko ya ce ka kashe Play Protect, mai gadin Google da ke bincikar muggan manhajoji, kafin wani abu ya yi aiki, ko ka duba cikin setin Play Store ka ga an ce na'urar ba certified ba ce, wato Google bai tantance ta ba, to ka yi hattara da shi. Factory reset ba ya wanke irin wannan don a cikin asalin manhajar akwatin aka dasa ta. Ka zare shi daga wifi, in ka taɓa sa Gmail ɗinka a ciki ka canza fasuwod yau ɗin nan daga wayarka, ka kuma shiga Security na akawunt ɗinka na Google ka cire akwatin daga jerin na'urorinka.