Kurakuran zuba taki da na gaji da gani a lambunan Kumasi

Duk shekara sai samari daga Aboabo ko Asawase sun kama fili a gefen rafi wajen Gyinyase, sun sayi buhun yuriya, sun maimaita ɓarnar da na gabansu suka yi. To ƙannena, ku matso.

Babban kuskure shi ne auna wa kowace shuka taki da gwangwani ɗaya. Naitirojin, wato sinadarin cikin taki irin yuriya da ke sa ganye ya yi kore, in saiwa ta sha shi, mafi yawansa ganye yake tafiya, inda ake haɗa wa shuka abinci daga hasken rana da iska da ruwa. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna Rubisco wanda shi ke kamo iskar kabon, kuma nawa gare shi, ga shi yakan yi kuskure ya kamo iskar oksijin, musamman in rana ta yi zafi. Don haka shinkafa da tumatir da latas da kabeji sai sun tara shi da yawa. A irinsu yakan cinye kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na naitirojin ɗin ganye. Masara da dawa da gero da rake da alayyafo kuwa Allah ya yi musu wata hikima: suna tattara iskar kabon ɗin su tura masa har inda yake, sai kashi 5 zuwa 10 ya wadatar. Shi ya sa ganyen masara ke fitar da abinci fiye da na shinkafa da naitirojin iri ɗaya. Amma kada wani ya ce na ce masara ba ta cin taki. Tana ci sosai, don jiki gare ta, kuma sauri take yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai tumatir da ya ga masarar maƙwabcinsa ta yi shar, shi ma ya dinga antaya yuriya. Ganye zai yi kore har ya yi duhu, kara ya yi laushi, na sama ya rufe na ƙasa da inuwa, kuma ganyen da ba ya ganin rana, naitirojin da ke cikinsa zaman banza yake. Fure ya yi jinkiri, darɓa ta sauka ta manne a bayan ganye. Na taɓa tashi daga damina guda da daji kore da kwandon tumatir da bai biya kuɗin buhun ba. In ganye ya ƙoshi, ƙarin da ka zuba ba ya ƙara komai sai ƙwari.

Na biyu, watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka a juya a tafi. Haba! Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, ta ninka takin NPK 15-15-15, mai kashi 15, sau uku, ta ninka wadda muke kira amoniya, mai kashi 21, fiye da sau biyu. In ta kwanta a fili ta sha raɓa, wani kaso nata iskar amoniya yake zama ya tashi. Wanda ya zuba kuma hadari na haɗowa a watan Yuni, ruwan Kumasi zai kai masa kuɗinsa rafi. An ƙiyasta cewa a duniya hatsi ba ya amfana da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na naitirojin da ake zuba masa. Ni dai tsinke nake sokawa, tazarar faɗin tafin hannu daga gindi, in sa cikin murfin kwalba ɗaya, in take da diddige, kuma sai ƙasa na da danshi. Masara irin Obatanpa, wadda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, sau biyu nake ba ta: NPK bayan mako 2 da tsirowa, yuriya wajen mako 5 ko 6, kafin ta yi goyo. Wasu za su ce wahala ce. Ni ma ban ce ba wahala ba ce.

Kada ka zuba taki kafin ka nome ciyawa. Tofa da aya-aya tsarin ganyensu irin na masara ne, sun fi latas ɗinka iya juya naitirojin, su za ka ciyar.

Ba kowane rawayan ganye ne yunwar naitirojin ba. Tata daga tsohon ganyen ƙasa take farawa, a masara daga baki ta bi jijiyar tsakiya. In sabon ganyen sama ne ya koɗe, nemi wani dalili.

Wake da gyaɗa ba sa bukatar yuriya mai yawa. Tuge ɗaya ka fasa ƙullutun saiwar da farce, in cikinsa ja-ja ne yana jawo nasa daga iska.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona dashe, a tara shi ya ruɓe tukuna. Toka kuma ba a gauraya ta da amoniya, hancinka ma zai gaya maka abin da ke tashi.