Yadda za ka bi sawun adireshin MAC idan rauta biyu ke tsaron ƙofa ɗaya

Ofishin da ba ya son aiki ya tsaya don rauta ɗaya ta mutu, rauta biyu yake sawa su riƙe ƙofar fita ɗaya. A kayan Cisco tsarin da ake kira HSRP ne ke haɗa su, ɗaya na aiki ɗaya na jiran gado, a MikroTik ko Juniper kuma VRRP. Saitin ba shi da wuya, layi uku ne zuwa huɗu. Inda nake ganin yaran da nake koya wa suna ruɗewa shi ne adireshin MAC, wato lambar da ke kan katin network na kowace na'ura, ranar da suka buɗe Wireshark, manhajar kama fakitin da ke yawo a network, suka tarar amsa na dawowa da adireshin da ba shi suka zata ba.

Mu ɗauka rauta ta farko tana da 192.168.10.2, ta biyu 192.168.10.3, kwamfutoci kuma an ba su 192.168.10.1 a matsayin ƙofar fita, a rukuni na 10.

Fara daga kwamfutar ma'aikaci, kada ka fara daga rauta. Buga arp -a, wanda ke nuna teburin ARP, wato jerin adireshin IP da MAC ɗin kowanne, ka duba abin da ke gaban 192.168.10.1. In HSRP na farko ne, za ka ga 00-00-0c-07-ac-0a. Wannan 0a na ƙarshe shi ne 10 a ƙidayar heksa, wato lambar rukunin. HSRP na biyu da 0000.0c9f.f yake farawa, ya bar gurbi uku don rukuni har 4095. VRRP kuwa 00-00-5e-00-01 ne, sai lambar rukuni. Babu katin da aka ƙera da wannan adireshi. Na aro ne, duk rautar da ke bakin aiki ita ke riƙe da shi.

Daga nan ka shiga suwic, na'urar da kwamfutoci da rautocin ke haɗe a kafofinta, ka buga show mac address-table address 0000.0c07.ac0a. Kafar da ya nuna maka, can rautar da ke aiki take. Suwic ya san haka ne domin duk daƙiƙa 3 mai aikin tana aika saƙon "ina nan" da adireshin aron, ita kuwa mai jiran gado da nata na asali take aikawa. Ka gwada da show standby brief a rautocin biyu, dole maganarsu ta zo ɗaya da ta suwic.

To ga inda ake tuntuɓe. Yi ping, wato saƙon gwaji mai jiran amsa, zuwa wani wuri a waje, ka kama fakitin da Wireshark. Mai fita yana ɗauke da adireshin aro a gurbin wanda aka aika wa, wannan daidai ne. Amma mai dawowa, adireshin asalin katin rautar za ka gani a gurbin mai aikowa. Ba matsala ba ce, haka Cisco ke yi. Kamar lambar wayar shago ce: masu ciniki ita suke kira, duk yaron da ke shago ya ɗauka, amma in ya kawo maka kaya da fuskarsa zai zo. Kwamfuta ba ruwanta, ita dai in adireshinta ne a kan fakitin ta karɓa.

Har ma kana iya ganin amsar ta fito daga rautar da ke jira. HSRP hanyar fita kaɗai yake tsarawa. Hanyar dawowa tana hannun OSPF ko BGP ko duk abin da ke zaɓen hanya daga sama, kuma mai jiran ba barci take ba, in fakiti ya iso mata za ta miƙa shi.

Wannan ne ke haifar da ciwon da ya fi wahalar ganowa, musamman in suwic biyu masu aikin rauta ne ke riƙe da ƙofar. Kwamfuta na fita ta na farko, amsa na shigowa ta na biyu. Na biyun yana tuna ARP na kwamfutar har awa 4, amma teburinsa na MAC yana mantawa da ita bayan daƙiƙa 300, tunda ba ya jin motsinta. Ya san adireshin, bai san kafar ba, sai ya watsa fakitin zuwa kowace kafa a wannan VLAN, wato ɓangaren network ɗin da kwamfutar take. Alamarsa: ka buɗe Wireshark a kwamfutarka ka ga hirar wasu da ba ta shafe ka ba, network kuma ya yi nauyi ba dalili. Maganin shi ne ka daidaita lokutan biyu. Ko ka ɗaga na tebur da mac address-table aging-time 14400, ko ka sauke arp timeout ƙasa da 300. Ni na fi son saukewa in kwamfutocin ba su da yawa, don ɗaga na tebur yana barin tsofaffin adireshi su daɗe a ciki.

Kada ka miƙa aiki ba ka zare waya ba. Bar ping yana gudu, ka cire wayar rautar farko. Da saitin asali, bayan kamar daƙiƙa 10 ta biyu za ta karɓa, ta yi shelar ARP ba tare da an tambaye ta ba, suwic ya mayar da adireshin aron kafarta. Sake buga arp -a: babu abin da ya canza a kwamfutar, kuma amfanin adireshin aron ke nan. In daƙiƙa 10 ta yi maka yawa, standby 10 timers 1 3 zai rage ta. Sannan in ka mayar da wayar, ta farko ba za ta karɓi aikinta ba sai ka sa standby 10 preempt. VRRP shi da kansa yake yin wannan.

Kafar suwic da rauta ke ciki, in ka kunna mata port security, wato iyakance adireshin MAC da kafar za ta karɓa, ka bar gurbin adireshi biyu aƙalla, na asali da na aro, kuma ka sani na aron zai yi ƙaura daga kafa zuwa kafa. Wasu kan gudu zuwa standby use-bia don su huta da wannan, wato rauta ta amsa ARP da adireshinta na asali. Ina guje masa sai dole, domin a ranar canji kowace na'ura sai ta gyara ARP ɗinta, kuma tsofaffin firintoci da kyamarori ba duka ke sauraron shelar ba.