Maus da kibod ko hannun gem: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka saita

Tun watan Satumba na 2018, da Sony ta sassauta ta bar masu PS4 suka fara haɗuwa da masu Xbox da Nintendo Switch a Fortnite, sannan Call of Duty: Modern Warfare ya fito a 2019 ya zuba masu kwamfuta da masu PlayStation da masu Xbox a fage ɗaya, gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mai maus yana cewa wasan ne yake yi wa mai hannun gem saiti, wato auna abokin gaba da bindiga. Mai hannun gem kuma yana cewa, to kai da kake saiti da damtsenka gaba ɗaya, ni da babban yatsa kaɗai? Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da zai amfane ka shi ne ka san wasan da kake yi da irin faɗan da kake shiga a cikinsa, sai ka zaɓa a kan haka.

Mataki na farko: duba abin da wasan ya yarda da shi

Kafin ka kashe ko sisi, bincika. Call of Duty da Fortnite suna karɓar maus da kibod a PlayStation da Xbox, soka su kawai za ka yi a ramin USB. Apex Legends bai yarda da su a waɗannan na'urorin ba, sai a kwamfuta. Valorant kuwa, da ya zo PS5 da Xbox a 2024, kamfanin Riot raba su ya yi gaba ɗaya, masu kwamfuta daban, masu na'ura daban.

Idan ƙwallo ce sana'arka, EA Sports FC ko eFootball, ko Rocket League, ko tseren mota, magana ta ƙare, ɗauki hannun gem. Maɓallin kibod ko dai a danne yake ko a sake, kuma maɓallan tafiya W, A, S, D kusurwa 8 kaɗai suke bayarwa. Sandar hannun gem kuwa, wadda ake turawa da babban yatsa, tana juyawa ko'ina, tana kuma bambanta tafiya da sassarfa da gudu. Duk gardamar a wasannin harbi take.

Mataki na biyu: fahimci taimakon saiti

A nan ne yawancin mutane suke magana ba tare da sun san abin da ke faruwa ba. Abin da aka rubuta Aim Assist a cikin menu, aiki biyu yake yi. Na farko, idan alamar saitinka ta zo kan abokin gaba, sai gudunta ya ragu, don kada ta zarce shi. Na biyu, wanda shi ne ake faɗa a kansa, idan abokin gaba ya gitta ta gabanka kana cikin motsi, wasan da kansa yake ɗan juya maka kyamara ta bi shi. Mutum sai ya gani da ido, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, sannan hannu ya motsa. Wannan juyin ba ya jiran komai. Shi ya sa a cikin ɗaki ko a lungu, inda mutum biyu suke tsalle suna kauce wa juna, mai hannun gem ya fi manne wa abokin karawarsa.

Kamfanonin ma sun san da haka. A Apex Legends an daɗe ƙarfin taimakon yana 0.6 a kan na'ura, 0.4 a kan kwamfuta, har zuwa watan Agusta na 2024 da Respawn, kamfanin da ya yi wasan, ya rage na fagen kwamfuta zuwa 0.3.

Amma da zarar tazara ta yi nisa, labari ya canza. Harbin kan mutum daga ƙarshen taswira, juyowa baya nan take idan an harbo ka ta ƙeya, danne bindiga mai zillo, kwashe kayan gawa cikin sauri, duk wannan na mai maus ne. To tambayi kanka tsakani da Allah: kai mai kutsa kai cikin gini ne, ko mai laɓewa a kan tudu? Ni dai a Call of Duty: Warzone, ga mai kutsawa, hannun gem nake ba da shawara ba tare da wani kwana-kwana ba.

Mataki na uku: san da su wa za a haɗa ka

A Apex, masu na'ura da junansu ake haɗa su, sai fa idan akwai mai kwamfuta a cikin tawagarku, nan take ku duka za a jefa ku fagen kwamfuta. Abokinka ɗaya mai laftof zai iya jawo muku wannan. A PlayStation wasanni da dama suna barin ka kashe haɗakar gaba ɗaya daga cikin menu, sai dai za ka daɗe kana jiran a cika fage. Ga wanda ke wasa daga Kano ko Maraɗi, inda galibi sabar Turai ake haɗa mu da ita kuma jinkirin intanet yakan haura milisakan 100, rage yawan abokan wasa ba koyaushe yake zama riba ba.

Masu waya ma abin ya shafe su. Call of Duty: Mobile yana karɓar hannun PS4 da na Xbox, amma da masu hannu irinka zai haɗa ka. PUBG Mobile kuma yana ware masu buga shi a kwamfuta da manhajar kwaikwayon waya.

Mataki na huɗu: saita maus

Sa DPI, wato ma'aunin yadda maus ke jin motsi, a 800 ka ƙyale shi. Shiga saitin maus na Windows ka cire alamar da ke kan Enhance pointer precision, domin shi ne yake sa nisan da alamar ke tafiya ya danganta da saurin hannunka, yau daban gobe daban. Daga nan ka shiga filin atisaye, ka tsayar da saiti a kan wata ƙofa, ka ajiye rula a gefen shimfiɗar maus, ka ja shi a hankali zuwa dama har ka zagayo kan ƙofar nan. Karanta santimita nawa ka ci. Idan 10 ne ko ƙasa da haka, gudun ya yi yawa, shi ya sa hannunka ke rawa a harbin nesa. Fara da wajen 30 zuwa 40, ka samu shimfiɗa mai faɗi, ka koyi ja da damtse, wuyan hannu kuma na ɗan gyara ne. Wannan adadin na santimita shi za ka riƙa ɗauka daga wasa zuwa wasa, domin lambar da ke cikin menu kowane wasa da irin tasa.

Mataki na biyar: saita hannun gem

Fara da Deadzone, wato ɗan filin da sanda za ta motsa wasan bai ji ba. Ajiye hannun a kan tebur, ka riƙa rage lambar har ka ga kyamara ta fara zamewa da kanta, sai ka ƙara ɗaya ko biyu. Idan sai ka kai lambar sama sosai kafin ta tsaya, sandar ta ci, kuma ƙurar hunturu tana hanzarta wannan, don haka a riƙa rufe hannu idan an gama.

Sai maɓallai. Matsalar hannun gem ita ce babban yatsan dama shi ne mai saiti, shi ne kuma mai danna tsalle da durƙuso, duk sanda ya tafi dannawa saiti ya tsaya. A Call of Duty zaɓi tsarin Tactical, durƙuso ya koma kan sandar dama, ko Bumper Jumper, tsalle ya koma maɓallin sama. Kashe girgiza. Kuma tunda taimakon juyawa yana aiki ne idan kana motsi, kada ka tsaya cak kana harbi, riƙa tafiya gefe da gefe da sandar hagu. Mai hannun PS4 ko PS5 ya gwada saiti da karkata hannun gem ɗin kansa, wanda Fortnite ya inganta a 2022, yana rage tazarar da ke tsakaninsa da mai maus a harbin nesa.

Talabijin ɗinka ma ka sa ta a Game Mode. Talabijin da ke ƙawata hoto kafin ta nuna shi tana iya cinye duk wahalar da ka sha a sama.

Mataki na shida: gwada, sannan ka tsaya a kan ɗaya

Ka ba maus da hannun gem kowannensu mako biyu, a wasa ɗaya da bindiga ɗaya, sannan ka duba ƙididdigar da wasan ke ajiyewa ta harbin da ya samu da yawan kisa. Kwanakin farko a kan kibod yatsunka za su yi ta ɓata hanya, kada ka yanke hukunci da su. Ka kuma sani Call of Duty ba ya barin ka canza daga wannan zuwa wancan a tsakiyar karawa, tun a menu ake zaɓa.

Za ka ga ana tallar wasu 'yan na'urori irin su XIM da Cronus Zen, masu sa wasan ya ɗauka hannun gem kake riƙe da shi alhali maus ne, ka haɗa saitin maus da taimakon saiti. Maguɗi ne, kuma ana kamawa. Ubisoft ta fito da MouseTrap a 2023 a Rainbow Six Siege, wanda yake ƙara wa mai irin wannan na'ura jinkiri da gangan har wasan ya gagare shi, Activision mai Call of Duty ma a shekarar ta fara gano su a wasanta, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga rufe asusu da duk abin da ka saya a cikinsa.