Harsashin harbin koyoti: fatar kake so ko garken kake karewa?

Sana'ata fata ce, a nan mayankar Oko-Oba da ke Agege, shi ya sa duk wanda ya tambaye ni harsashin harbin koyoti, ta wajen fata nake ɗauko masa amsa. Masu tambayar ƙannenmu ne da ke aiki a gonakin tumaki da awaki a Amurka, inda ni ma na taɓa zama wajen yayana a Teksas. Koyoti dangin dila ne, sai dai ya fi shi girma, yakan kai kilo 10 zuwa 20. Babu shi a dajinmu. Kuma kada wani a Legas ya karanta wannan ya tafi neman bindiga, dokar makamai ta 1959 tana nan, sai da lasisi.

Ƙanena, fara yanke shawara: fatar kake so, ko so kake ka raba garken da ɓarna?

In fatar ce, nemi harsashi mara nauyi mai farfashewa a ciki, irin Hornady V-Max ko Nosler Ballistic Tip, mai nauyin giren 50 zuwa 55, wato wajen giram uku da rabi, a bindiga mai cin .223 Remington. Tsinin kansa roba ce. Yana shiga sai robar ta koma ciki ta buɗe shi, ya watse a ƙirji bai fita ba. In ka feɗe ka juya fatar, sai ka yi ta lalube da yatsa cikin gashi kafin ka sami hujin, bai fi ƙwayar wake ba. Mai saye ba zai sami abin rage maka kuɗi ba.

Amma yana da aibi. In dabbar tana kusa, ka daki ƙashin kafaɗa, harsashin na iya fashewa tun a waje. Ya yage fata faɗin tafin hannu, bai kai huhu ba, dabba ta gudu da rauni. Ga asara, ga alhaki. Abin ya fi faruwa da harsashin .22-250, wani nau'i daban da .223, domin yana fita da gudun da ya haura mita 1,100 a daƙiƙa, shi kuwa .223 kusan 1,000 yake yi. Saboda haka yi saiti bayan kafaɗa, ka haƙura har ya ba ka gefe.

In kuwa garke kake karewa, a fili mai iska da nisa, ɗauki .243 Winchester. Ya fi nauyi, iska ba ta karkatar da shi sosai, yana kayarwa nan take. Zai fasa ya fita ta ɗaya gefen, amma gaskiya fatar Teksas ba ta da wani kuɗi, gashinta ba kauri. Mai daraja ita ce ta lokacin sanyi daga Montana ko Kanada.

Harsashin da aka lulluɓe kansa gaba ɗaya da jan ƙarfe, bar shi ga masu koyon saiti. Ratsawa yake yi ya wuce bai buɗe ba, kuma ba ka san abin da ke bayan dabbar ba.

Duba murɗin da ke cikin bututun bindigarka kafin ka biya kuɗi. Mai 1:12, wato murɗin da ke zagayawa sau ɗaya a kowane inci 12, yana riƙe har giren 55 lafiya lau. Wanda ya kai giren 69 zuwa 77 sai mai saurin murɗi, kamar 1:8, in ba haka ba harsashin zai isa a karkace. Wanda ke Kalifoniya kuma, tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da harsashin dalma, sai ya nemi na jan ƙarfe zalla mai buɗewa a ciki, ba wancan mai lulluɓi ba.

Kada ka sayi kwali da yawa a tashin farko. Ɗauki iri biyu ko uku, kafa takarda a mita 100, ka yi harbi biyar-biyar kana barin bututun ya huce. Wanda ya fi tara hujinsa wuri ɗaya, shi za ka koma ka saya.