Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Raba Laifi a Wasan Romeo da Juliet

Tambayar da ɗaliban adabi suka fi cin karo da ita game da wannan wasan kwaikwayo na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1597, ita ce wa ke da alhakin mutuwar masoyan biyu a birnin Verona na Italiya. Da yawa sukan jingina komai ga ƙaddara su kakkaɓe hannu, saboda gabatarwar wasan ta ambaci taurari marasa sa'a. Ba shakka tsautsayi ya taka rawa, domin tsoron annoba ne ya sa aka kulle Fada John a wani gida har wasiƙar da aka ba shi ya kai wa Romeo a garin Mantua, mai sanar da shi cewa Juliet ba mutuwar gaske ta yi ba, ta kasa isa. Sai dai ba annoba ce ta sa Romeo ya kashe Tybalt, ɗan uwan Juliet, ba, ba kuma ita ce ta aike shi sayen guba ba. Gyaran shi ne a ware abin da ya auka wa mutum daga abin da ya aikata da hannunsa.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne kiran kowace gurguwar shawara son kai. Ciwon Romeo gaggawa ce: ya ga Juliet daren Lahadi, ya manta da Rosaline da yake so a da, washegari aka ɗaura musu aure, kafin wayewar garin Alhamis duka biyun sun mutu. Son kai na gaske yana wurin mahaifin Juliet, Capulet. Shi da bakinsa ya ce wa Paris, mai neman aurenta, a jira shekara 2 domin yarinyar ba ta cika 14 ba, amma bayan kashe Tybalt sai ya tsayar da Alhamis ranar aurenta da Paris, ya kuma yi mata barazanar kora ta je ta yi bara a titi idan ta ƙi. Da ta nuna kamar ta amince, sai ya dawo da bikin Laraba, abin da ya ƙuntata lokacin da dabarar shan maganin barci don a zaci ta mutu take bukata. Fada Laurence kuwa ya ɗaura auren Romeo da Juliet ne da niyyar sasanta gidajensu biyu masu gaba da juna, Montague da Capulet, saboda haka a ganina ba a nan son kansa ya bayyana ba, sai a makabarta, inda ya ji motsin masu gadi ya gudu ya bar Juliet kusa da gawar mijinta.

Akwai kuma masu hukunta mutanen wasan da abin da mai kallo kaɗai ya sani. Capulet bai san 'yarsa matar aure ce ba, alhali Fada Laurence da matar da ta raini Juliet sun sani suka yi shiru, har ma mai rainon ta ba ta shawarar ta auri Paris. Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a tambaya me ya sani a lokacin, kuma wane iko ne a hannunsa.

Mutumin da aka fi mantawa da shi shi ne mai mulkin garin, Escalus. A ƙarshen wasan ya amsa cewa kau da kai da ya yi daga gabar Montague da Capulet ya jawo masa rashin danginsa biyu, Mercutio da Paris, don haka amsar da ba ta ambace shi ba ta bar wanda ya fi kowa ikon tsayar da rikicin tun farko.